Jinkirin Haƙori da Cutar da Ba Ta da Suna a Bakin Bahaushe

Bahaushe ya daɗe da sanin maƙoƙo, domin kumburi ne da ido ke gani a wuya. Abin da harshensa bai raɗa wa suna ba shi ne tushen cutar, wato tayirod, wata 'yar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi da ke gaban maƙogwaro, wadda sinadarinta ke tafiyar da girman ƙashi da ƙwaƙwalwa da haƙori. Yaran unguwanni irin su Kurmin Mashi ta Kaduna ne ke biyan kuɗin wannan giɓi na kalmomi.

A bisa al'ada, jariri kan fara haƙori wajen wata 6, ya cika guda 20 wajen shekara 3, sannan ya shiga famfara wajen shekara 6. Idan tayirod ta gaza, haƙori kan yi nawar fitowa, famfara ta yi jinkiri, farin rufin haƙori ya yi rauni, harshe ya yi kauri, muƙamuƙi ya ƙi buɗewa har haƙora su cunkushe. Idan kuwa aikinta ya wuce kima, sai famfara ta zo da wuri. Ana haihuwar kimanin jariri 1 cikin 2,000 zuwa 4,000 da wannan gazawa, kuma sau da yawa ba tare da maƙoƙo ba. Dokar sanya sinadarin aidin a gishiri, wadda Nijeriya ta kafa a 1993, ta rage maƙoƙo, amma ba ta isa ga jaririn da aka haifa da tawayar tsokar kanta ba.

Al'ada ta ɗora wa fitar haƙori laifin zawo da zazzaɓi, har uwa ta bazama neman magani. Jinkirinsa kuwa ba ya tayar da hankalin kowa, sai a ce kowane yaro da lokacinsa. Galibi hakan gaskiya ne. Sai dai idan jinkirin ya haɗu da yawan barci, da taurin bayan gida, da tsumburewa, to ya zama shaidar da ke neman gwajin jini a asibiti irin na Barau Dikko. Maganin ƙwaya ce ta kullum, amma abin da ƙwaƙwalwa ta rasa a shekarun farko ba ya dawowa cikakke.

A nan ne nauyi ya hau wuyan manazarta Hausa. Littafin Hausa Metalanguage da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya nuna cewa ana iya daidaita kalmomin fannu idan masana suka haɗa kai. Ya kamata sashen nazarin harsunan Nijeriya na Jami'ar Jihar Kaduna ya zauna da likitocin yara da na haƙori, a tattaro abin da ungozomomi da iyaye mata na Kurmin Mashi ke faɗa game da haƙori, a tace shi, a samar da suna guda da zai bambanta gazawar tayirod da maƙoƙo, sannan a miƙa shi ga gidajen rediyo da ɗakunan awo. Uwa ba ta kai ƙarar ciwon da ba ta san sunansa ba, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.