Buhun Shinkafa Mai Hoton Maigida

An daɗe ana cewa duk wanda ya miƙa wa talaka hannu tausayi ne ya motsa shi, kuma mai tuhumar niyyarsa ɗan hassada ne. Wannan magana ba ta da tushe. Yawancin rabon da ake yi a bainar jama'a yau, musamman na azumi da na gab da zaɓe, son mallakar mutane ne ke tuƙa shi. A dubi tsarinsa: buhun shinkafa ɗauke da hoton maigida, zawarawa da tsofaffi a layi tun asuba har rana ta take, masu kyamara a gaba, takardar sunaye kuma a aljihun shugaban jam'iyya na mazaɓa. Wanda ya taɓa sukar maigida, sunansa ba ya hawa takarda. Bahaushe ya ce in baki ya ci, ido kan ji kunya. To, wannan kunyar ake saye.

Za a ce niyya Allah kaɗai ya san ta. Haka ne, amma tsari ba a ɓoye yake ba. A watan Oktoban 2020, jama'a sun fasa rumbuna a Jos da Legas suka tarar da kayan tallafin korona jibge, alhali mutane na kwana da yunwa. A watan Maris na 2024 an rasa rayuka a turmutsutsin rabon zakka a Bauchi, haka ma a wuraren rabo a Ibadan da Abuja da Okija cikin Disamban shekarar. Ba lalle masu rabon sun nufi sharri ba, sai dai al'adar tara mabukata wuri guda ta fi yi wa sunan mai bayarwa amfani, domin mai kai wa mabukaci har gida ba ya bukatar cincirindo.

Wasu kuma za su ce mai jin yunwa ina ruwansa da niyya, shi dai tukunya ta hau wuta. Gaskiya ne, kuma babu mai cewa a daina bayarwa. Amma aya ta 264 a Suratul Baƙara ta yi gargaɗi cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka, kuma kwanon shinkafar da ke rufe bakin mutum shekara huɗu ya yi tsada. Ma'aunin mai sauƙi ne: mai tausayi murna yake yi ran da ka daina bukatarsa, mai son mallaka kuwa haushi yake ji. Masu hali, ku ba da jari, ku biya kuɗin makaranta, ku sauke kyamara. Talaka kuma, karɓi rabonka, amma ƙuri'arka da bakinka ba sa cikin cinikin.