Tunkiya uwar tamɓele, ko dai mu ne ba mu fahimce ta ba?



Cikin bisashen da muke kiwo babu wadda ta sha zagi a bakinmu kamar tunkiya. Akuya mun ba ta wayo, har muka ce ta koye shi wajen yankakken kunne. Jaki mun ba shi haƙuri, raƙumi mun ba shi riƙo. Tunkiya kuwa kirarinta uwar tamɓele. Yaro ya kasa lissafi a lakkol, a ce da shi tunkiya. Babba ya bi taro bai san inda aka dosa ba, shi ma tunkiya. Mu dai muna ganin wanga hukunci an yanke shi da gaggawa, kuma shina da illa. Tun da mun yarda ba ta san komi ba, shi ya sa ba ma jin nauyin abin da muke yi mata a kara, a bayan moto da cikin kamiyo, balle in Sallar Layya ta gabato.

Mu fara da abin da kowa ya taɓa gani a ƙauyukanmu. Da safe makiyayin gari ya kora tumakin gidaje barkatai zuwa daji. Da marece in sun shigo gari, wa ke raba su? Babu kowa. Kowace ta ware, ta bi lungunta, ta tsaya ƙofar gidansu tana kuka a buɗe mata. Matan da ke turke rago da kuɗin adashe a Maraɗi ko Tasawa, ku tambaye su. Ragon ya san takun uwar gida, ya san ƙarar kwanon dusa, kuma in baƙo ne ya shigo ba ya tashi irin tashin da yake yi mata. Su ba su jira wani bature ya faɗa musu ba.

Amma turawan ma sun auna. A 2001 wani masani mai suna Keith Kendrick da abokan aikinsa, a wata cibiyar bincike kusa da Kambirij ta ƙasar Ingila, sun fitar da sakamakon wani gwaji. Suna nuna wa tumaki hotunan fuskokin wasu tumaki bibbiyu, wadda ta zaɓi fuskar da ake so sai a ba ta abinci. Da haka suka koyi rarrabe fuskoki 50, kuma bayan sama da shekara 2 ba su manta ba. Fuskoki 50 fa, na tumakin da mu in muka kalle su sai mu ce duk ɗaya ne. A 2017 kuma, a jami'ar Kambirij, ayarin Jenny Morton ya koya wa tumaki 8 gane fuskokin mutane huɗu a hoto, cikinsu har da Barak Obama. Cikin zaɓi 10 suna dacewa a wajen 8. Da aka karkata hoton, fuskar ta juya gefe, sun ɗan rage dacewa, amma mafi yawan lokaci suna gane mutumin. Da aka sa hoton mai kula da su kusa da na baƙo, ba tare da an taɓa koya musu ba, sun fi nufar nata.

To, in haka ne, me ya sa take faɗa wa mota? Nan ne direbobinmu za su tsayar da mu, kuma suna da hujja. Duk wanda ya bi hanyar Maraɗi zuwa Damagaram ya san akuya in ta ji ham sai ta kauce, tunkiya kuwa sai ta jira ka matso sannan ta gitta. Ba a nan kaɗai ba ma: a 2005, a gabashin Turkiyya, tumaki wajen 1,500 suka bi juna suka afka daga kan dutse, kusan 450 suka mutu, sauran sun tsira ne don sun faɗo bisa gawarwakin ƴan uwansu. Wanda ya ji wanga labari dole ya ce ai ga tamɓelen nan.

Sai dai a duba da kyau. Tunkiya ba ta da farce, ba ta da haƙoran cizo, ba ta hawan dutse ko icce kamar akuya. Garkuwarta guda ce tal, garke. In kura ko dila ya taso, wadda ke gefe ita ce nama, don haka dokar da ke cikin jininta ita ce in tsoro ya zo, a kutsa tsakiyar ƴan uwa. Wagga doka ta fisshe ta shekaru dubbai kafin a ƙera mota. Wadda ta gitta maka ba motar ta nufa ba, garkenta ne ke wancan ƙetare. Direban da ya gane haka ya san inda zai rage gudu: in ka hangi tumaki a dama, guda ɗaya a hagu, to ka ɗauka ta riga ta gitta. Haka ma turjiyar da take yi bakin rami ko bakin kamiyo. Idanunta a gefen kai suke, ƙwayar idon kwance take a faɗi, tana ganin kusan duk kewayenta ba tare da ta waiga ba, amma ba ta iya auna zurfi sosai. Inuwa a ƙasa tana iya zame mata rami. In aka ba ta ɗan lokaci ta sunkuyar da kai ta duba, sai ta wuce. Mu kuwa sai mu ɗaga sanda.

Inda maganar ta fi taɓa mu shi ne kaɗaici. Ayarin Kendrick ɗin nan ya sake wani gwaji da aka buga a 2004. Suka ware tunkiya ita kaɗai cikin ɗaki. Nan da nan bugun zuciyarta ya ƙaru, ta shiga kai da kawo tana kuka, sinadaran firgita suka hau cikin jininta. Sai aka nuna mata hoto. Hoton fuskar akuya bai yi wani tasiri ba, zanen banza ma haka. Da aka nuna fuskar tunkiya irinta, sai zuciya ta lafa, kuka ya ragu. Hoto kawai, ba rai, ba wari.

Yanzu mu dawo gida. Mun sayo Balami ko Uda a karar Turaku ta Yamai ko a Badagishiri. Wanga rago tun da aka haife shi bai taɓa kwana shi kaɗai ba. An ciro shi cikin ƴan uwansa, an ɗaure ƙafafu huɗu wuri guda, an kanta shi bayan kabu-kabu kai na lilo, an sauke shi a gidan da bai san warin kowa ba, an ɗaure da igiya taƙi biyu a gindin katanga. Ya kwana yana kuka, ya ƙi harawa. Sai mai gida ya ce dillali ya cuce shi, an sayar mishi da marar lafiya, ko kuma ya ce iskanci ne na dabba. Sau da yawa lafiyarsa lau. Kiran ƴan uwansa yake yi, kuma babu mai amsawa. Makiyaya sun san maganin tun da daɗewa: a sa mishi aboki, ko da tunkiyar maƙwabta ce, ko a ɗaure shi inda zai riƙa hangen wasu. Maƙwabta biyu ko uku su haɗa ragunansu a zaure guda mai inuwa har ranar salla, wane kuɗi wannan ya ci?

Batun uwa da ɗa ba sai mun daɗe ba, duk mai kiwo ya san shi. Cikin awoyin farko bayan haihuwa, tana lasar ɗan tana haddace warinsa, daga nan kuma ko ɗan wa ya zo shan nono sai ta tunkuɗe shi. Tana da wata ƴar murya ƙasa-ƙasa, baki rufe, da take yi wa ɗanta shi kaɗai, daban da kururuwar da take yi in an raba su. Wajenta kuma ɗan ke koyon ciyawar da ake ci da wadda ake bari. Masu bincike a jami'ar jihar Yuta ta Amurka sun nuna cewa ƴan tumakin da tsutsar ciki ta kama sukan ƙara cin abinci mai ɗaci-ɗacin nan da ke rage tsutsa fiye da lafiyayyu. Ke nan garken da fari ya cinye, ko aka sayar da tsofaffinsa a kan tilas, ba kawuna kaɗai aka rasa ba, har da sanin daji.

Mun san abin da wasu za su rubuto a ƙasa: mutane ma ba su samu inuwa ba, balle rago. Ƴan Adam na hawa saman kamiyon nan da ake loda bisashe, wa ya tausaya musu? Gaskiya ne, kuma ba mu ce a gina wa rago ɗaki mai fanka ba. Amma mafi yawan wahalar da muke ba shi ba talauci ne ya kawo ta ba. Jan kunne ba talauci ba ne. Ɗaga shi da ƙafa guda, ko finciko shi da ƙaho, ko barin yara su wuni suna tsokanarsa da kara suna dariya, babu ruwan tsadar masara a ciki.

Wanda kuma tausayi bai motsa shi ba, to aljihunsa ya motsa shi. Dabbar da ta kwana biyu cikin firgita, yunwa da ƙishirwa tana ƙone sukarin da ke ajiye cikin tsokarta. In an yanka, naman yakan yi duhu, ya bushe, ya yi saurin lalacewa. Duk inda sanda ta sauka ko igiya ta shaƙe, jini ya kwanta, rundawa na gani in sun feɗe, kuma wurin yankewa ake a yar. Mu da muke jera raguna bisa itace kewaye da wuta tun daga hantsi, mu bar nama ya kwana kafin a raba wa dangi, ai mu ya fi kamata mu damu da wannan. Ka ba da jika ɗari ko fiye, sannan ka ɓata kayanka da hannunka cikin kwana biyun ƙarshe.

Kada wani ya juya mana magana ya ce muna hana layya ko cin nama. Addinin da ya umurce mu da yanka shi ne ya ce a kyautata yankan, a wasa wuƙa, a hutar da abin yankawa. Malamanmu kowace shekara suna tunatar da mu cewa ba a wasa wuƙa a gaban dabba, ba a yanka wata a gaban wata. Me ya sa za a hana, in da ba ta gani, ba ta ganewa? Kuma ya zo cikin hadisi cewa babu annabin da bai yi kiwon tumaki ba. Amma je ka unguwanninmu ranar salla bayan an sauko idi: raguna biyar a jere, ana kwantar da na farko, sauran huɗu na tsaye suna kallo, igiya na karkarwa. Zana guda ko tsohon zane da za a gitta tsakani ya wadatar.

Sauran aikin na magadan gari ne da shugabannin dillalai. Kowace kan dabba da ta shiga kara ana karɓar haraji a kanta. Ba zai yi yawa ba in masu kiwo suka tambayi nawa ne cikin kuɗin nan ke komawa ga rumfar inuwa, kwamin ban ruwa, da tudun lodi da zai sa rago ya taka da ƙafarsa ya shiga kamiyo, maimakon ƙarti biyu su kama shi kai da gindi su wurga.