Lafiya uwar jiki: Sange ba kayan ajiya ba ne

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, damana ta kama. Ruwa ya kwanta a kududdufai da ramukan gini, tun daga gulbin Maraɗi da tafkin Madarumfa har Tabalak da Gidimuni. Inda ruwa ya kwanta, nan sauro yake ƙwai. Wata ɗaya zuwa biyu, sai masassara ta shigo gari, daidai lokacin da gona take bukatar hannu.

Har yanzu wasu na cewa sabon hatsi ko ɗanyen nono ke kawo masassara. Ba haka ba ne. Tun a 1897 wani likitan Ingila, Ronald Ross, ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro. Macen sauro ce ke ɗauko ta daga jinin maras lafiya, ta kai wa mai lafiya. Da dare take cizo. Shi ya sa sange mai magani yake da amfani biyu: yana tare sauro, kuma maganin da ke jikin zarensa yana kashe wanda ya sauka a kai.

A watan Disamba na 2005, tare da allurar shan inna, ƙasarmu ta raba sange kyauta ga uwayen yara ƙanana, kuma an yi ta sake rabo daga baya. To, ina sangen yake? Wani yana ƙasan akwati, an ajiye shi don baƙo ko don auren ɗiya. Wani an kewaye garka da shi, wani an rufe ƴan tsaki, wani an kama kifi. A wani gidan kuma maigida ne ke kwana ciki, mai ciki da yara suna waje. Alhali su ne masassara ta fi kayarwa: yaron da bai kai shekara 5 ba tana ƙarar masa da jini, ta sa shi suma, mai ciki kuwa tana iya yin ɓari ko ta haifi ɗa maras nauyi.

Masu cewa sange yana sa ƙaiƙayi da zafi, ga dabara. Sabon sange, a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a ɗaura. Idan ana kwana a tsakar gida, sanda huɗu sun isa a kafa shi. A cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma ko katifa. In ya yage, a ɗinke nan take. In ya yi dauɗa, a wanke da sabulu da ruwan sanyi, ban da bugu, a shanya a inuwa. Wanda aka kula da shi haka yana kai kamar shekara 3.

Sange ba ya hana zuwa likita. Yaron da jikinsa ya yi zafi, a kai shi ran nan, a gwada jininsa. Maganin rigakafin da ake ba yara wata-wata cikin damana, a ba su shi cikakke.

Masu gari, limamai da unguwar zoma, wannan aikinku ne ku ma. Ku faɗa a dandali, ku faɗa a masallaci, ku faɗa a gidan suna. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya raba mu da ciwo.