Kafin ka tura kuɗin injin kofi, juya shi ka karanta bayansa

Yau ba maganar waya na zo da ita ba, amma ku daure ku karanta har ƙarshe, don ciwon iri ɗaya ne da wanda muke fama da shi kullum a kan teburin gyara.

Makon jiya wani abokina ya sauke min wani ƙaton kwali a ƙofar shagona da ke Bomo, shi da mai keke suna ta haki. Ina buɗewa sai ga injin espresso, wato injin nan da ke tatso kofi mai kauri da matsin ruwan zafi. Ya kama shago a Samaru, ya yi fenti, ya sa fitilu da kujeru, yana so ya buɗe wurin shan kofi saboda ɗaliban ABU. Injin kuma a intanet ya gan shi, na hannu ne, mai sayarwa ya ce masa daga Amurka ya zo, garau yake. Ranar farko da ya jona shi ya ji ƙara fat, sai wari. Ya ce min, “Tunda kana gyaran fanel ɗin waya, duba min wannan.”

Ban ma ɗauko sukundireba ba. Na juya bayan injin kawai, ga shi an rubuta ɓaro-ɓaro: 120V, 60Hz. Wutar Amurka ke nan. Tamu a Najeriya 230V ce, 50Hz. Kusan ninki biyu ya ɗura masa. Kuɗin da ya daɗe yana tarawa, har da gudummawar yayarsa, suka tafi cikin daƙiƙa ɗaya.

Gaskiya raina ya ɓaci, kuma fushina ya fi yawa a kan masu tallar nan na TikTok da Instagram. Za su nuna maka injin yana ƙyalli, kofi na zuba a hankali, kiɗa na tashi, amma babu mai nuna maka ɗan ƙarfen da ke bayansa inda aka rubuta gaskiyarsa. Mu ma masu saye muna da namu laifin. Kallon kitse muke yi wa rogo. Yadda mutum ke sayen waya saboda kyamarori huɗu a baya, alhali biyu na ado ne, haka yanzu ake sayen injin kofi.

To ga abin da ya kamata ka duba, kuma a jere.

1. Wuta. Bayan ka tabbatar an rubuta 220 zuwa 240V, duba wat. Injin kasuwanci mai baki biyu yakan ci wat 3,000 ko fiye. Cajar waya mai sauri wat 20 ce, ka ga injin nan ɗaya daidai yake da caja 150 a jone lokaci guda. Raba 3,000 da 230, za ka samu kusan amf 13, wato iyakar abin da fiyus ɗin fulogonmu mai baki uku ke ɗauka. Don haka layinsa daban yake so, da waya mai kauri, kamar na'urar sanyaya ɗaki. Ƙaramin janareton nan na shago da bai kai wat 1,000 ba ko motsa shi ba zai yi ba. Kuma ba a kunna shi don kofi ɗaya a kashe. Sai ya yi kamar rabin awa yana ɗaukar zafi, sannan a bar shi a kunne wuni guda. In an ɗauke wuta da azahar fa? In ta dawo da rauni da magariba fa, kamar yadda muka saba? Tun Afrilun 2024 da aka kai yunit ɗin Band A naira 225 kowa ya san wuta ta daina zama abin wasa, fetur kuwa ba sai na faɗa ba.

2. Ƙaryar “bar”. Za ka ga an rubuta 15 bar ko 20 bar da manyan baƙaƙe a jikin kwali, mai talla yana ta nanatawa. Malam, espresso a kan matsin bar 9 ake tatsarsa, da ruwa mai zafin digiri 90 zuwa 96, cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. Waccan lambar ƙarshen ƙarfin famfon ce kawai, kuma galibi a ƙananan injinan gida ake liƙa ta. Tamkar fawa bankin nan ne da ake rubuta wa 50,000mAh, ka fasa ka tarar da batir biyu. Injin gida an yi shi ne don kofi kaɗan da safe. Ka sa shi a shago mutum goma su yi layi, a na huɗu ruwan ya huce, sai jira. Tambayar da za ka yi ita ce girman tukunyar ruwan da ke cikinsa, da ko zai iya tatsar kofi yana dafa madara da tururi a lokaci ɗaya.

3. Ruwa. Leƙa cikin butar lantarkin gidanku. In ka ga farin ɓawo ya kama gindinta, to shi ne zai kama cikin injin, inda ƙofofin ruwan wasu ba su wuce bakin allura ba. Ruwan rijiya ko na burtsatse kai tsaye ba tare da matata ba, kashe injin ne a hankali. Sa kuɗin matatar a lissafi tun farko.

4. Injin niƙa. Da yawa sukan ƙarar da kuɗin a kan babban injin, su manta cewa ƙwayar kofi sai an niƙa ta a take, laushi daidai. Garin Nescafé na gwangwani da mai shayi ke kaɗa mana ba ya shiga wannan injin, shi an riga an dafa shi an busar. Ina za ka riƙa samun gasasshiyar ƙwaya duk mako? Ana noman kofi a tsaunin Mambilla a Taraba, amma wa zai kawo maka Zariya, kuma nawa? Ga madara, ita ma tana son firiji, firiji na son wuta.

5. Mai gyara. Wannan ne ya fi damuna, don sana'ata ce. Abin da ya sa Tecno da Itel suka cika hannun mutane a nan, in sikirin ya fashe ka shiga PZ ka fito da sabo a ranar. Injin kofi dole robar bakinsa ta ci, dole famfo ya gaji wata rana. Wa zai gyara? Kafin ka biya, ka ce mai sayarwa ya ba ka lambar mai gyara, ka kira da kanka ka ji a wane gari yake, Kaduna ko Abuja ko Legas, da nawa zai karɓa ya zo Samaru. In akwai zaɓi, nemi mai baki samfurin E61. Kamfanin Faema na Italiya ne ya fito da shi a 1961, kamfanoni da dama suna amfani da shi har yau, shi ya sa kayansa suka fi sauƙin samu.

Na san wani zai ce, “Kai dai ba ka son ci gaba, matasa na ƙoƙari kana sare musu gwiwa.” Wallahi ko kaɗan. Ni ma zan so in rufe shago in je in zauna wuri mai tsabta in sha kofi mai kyau a garinmu. Amma ci gaban da zai bar yaro da bashin haya da ƙarfe a kwali, ci gaban mai haƙar rijiya ne. Kasuwar Samaru da ɗalibai take numfashi. Mun gani a 2022, yajin aikin ASUU daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas, masu abinci da masu fotokwafi da mu masu gyara duk mun ji a jikinmu. Injin da ka ci bashi ka saya ba ya tafiya hutu, mai bashi ma haka.

Shawarata, fara da ƙarami. Akwai ƴar butar nan ta Italiya da ake kira moka, a kan risho ko gas ake ɗora ta, ba ruwanta da NEPA, kuma kofinta na da ƙarfi. Haɗa da injin niƙa mai kyau, da shayi da kayan ƙamshi da mutanenmu suka riga suka sani. Ajiye littafi, rubuta kofi nawa ka sayar kowace rana har wata uku, ciki har da lokacin hutu. Littafin nan shi zai gaya maka ko kana buƙatar injin mai baki ɗaya, ko mai biyu, ko ma ba yanzu ba.

Shi abokina, injin na nan ƙarƙashin teburina. Na gwada, abin dumama ruwan ya ƙone, fanel ma ya tafi, kuma ko an samo kayan sai an haɗa masa tiransifoma mai rage wuta da ta fi ƙarfinsa. Mai sayarwar ya daina ɗaga waya.

Don Allah duk wanda zai sayi irin wannan kaya a intanet, ya ce a turo masa hoton bayansa tukuna. In ka kasa karantawa, ajiye hoton a ƙasan wannan rubutu, zan duba maka kyauta in sha Allahu. Ku tura wa duk wanda kuka san yana shirin buɗe irin wannan shago. Allah ya sa albarka a neman kowa.