Mesar Akwati da Ƙin Cin Abinci: Laifin Wa?

A dazuzzukan Gana da Togo da Benin akwai wata ƙaramar mesa wadda tsawonta bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba. Idan ta tsorata sai ta dunƙule kamar ƙwallo, ta cusa kanta a tsakiya. Masana kimiyyar halittu suna kiranta Python regius. Kowace shekara akan fitar da dubbanta zuwa Amurka da Turai, inda ake kiwonta cikin akwatin gilashi domin sha'awa. Babban kukan masu kiwon shi ne takan yi watanni ba ta taɓa abinci ba, har wasunsu su kai ga yi mata ɗura.

Wannan gaggawa kuskure ce, domin ruwa ba ya tsami banza. Da farko dai, jikin maciji ba ya samar da ɗuminsa. Idan babu wani sashe na akwatin da zafinsa ya kai digiri 30 zuwa 32 a ma'aunin Salshiyos, abinci ba zai narke mata ba, don haka sai ta ƙi shi. Na biyu, a daji tana yini ne cikin ramin ɓera ko suri, sai dare ta fito. Akwatin da babu maɓoya, ga haske, ga yawan taɓawa, tsoro yake cusa mata. Na uku, da 'yan ramukan da ke leɓenta take jin ɗumin abin farauta, saboda haka mushen ɓera mai sanyi ba ya jan hankalinta.

Bugu da ƙari, akwai azumin da yake ɗabi'arta ce. Takan daina ci idan za ta yi saɓa, namiji yakan ƙaurace wa abinci lokacin barbara, macen kuwa takan nannaɗe ƙwanta kusan wata biyu ba ta ci komai ba.

Abin da ya kamaci mai kiwo shi ne ya gyara mazaunin, ya riƙa auna nauyinta. Idan tana ramewa, ko majina na fita daga bakinta, ko numfashinta na ƙara, to sai likitan dabbobi. Ɗura ba tare da shawararsa ba tana iya raunata maƙogwaro, ta ƙara mata firgita.

Wanda kuwa ba zai iya samar mata ɗumi da duhu da natsuwa ba, gara ya haƙura da sayenta. A daji tana da aikin yi, wato rage ɓerayen da ke yi wa manomi ɓarna.