Tafkin Kainji a Ajin Hausa

Ruwan da ke wucewa ta Jega cikin Gulbin Zamfara ba a nan yake tsayawa ba. Yana haɗuwa da Gulbin Sakkwato, su faɗa Kogin Kwara, daga nan sai Tafkin Kainji, wanda bakinsa na arewa ya taɓo Yawuri. Amma a tambayi ɗalibi a Aliero ko Maiyama sunan tafki, sai ya ambaci Tafkin Chadi ya yi shiru. Wannan giɓi ne, kuma malamin Hausa yana da hannu a ciki.

Tafkin ya samu ne a 1968, lokacin da aka kammala madatsar Kainji domin samar da lantarki. Tsawonsa ya haura kilomita 130. Ruwan ya cinye tsohon garin Busa da tsibirai da dama, aka tayar da mutane fiye da 40,000, cikinsu har da Gungawa. Sau biyu ruwa kan zo masa a shekara: na damina mai laka, sai kuma wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini, wanda ba ya isowa sai cikin hunturu, ya riga ya tace.

Wani zai ce wannan aikin malamin labarin ƙasa ne. To amma malamin labarin ƙasa da Turanci yake koyarwa, kuma kalma ɗaya takan ishe shi ga kowane kifi. Basarke kuwa ya bambance giwan ruwa da ƙarfasa, da tarwaɗa, da ƙurungu, da bargi. Ya san inda kowanne ke kwana da watan da yake ƙwai. Waɗannan sunaye dukiyar harshe ce, kuma ba su da mai tsaro a makaranta in ba malamin Hausa ba. Ga dorina da kada, ga kuma ayu, wanda farauta ta sa ganinsa ya yi wuya, har yara da yawa sun ɗauka dabbar tatsuniya ce. Raga mai ƙananan idanu kuma tana kwashe 'ya'yan kifi tun ba su girma ba. Kifin da ya daina zuwa kasuwa, sunansa ma yakan bi shi.

Aikin ba ya buƙatar mota zuwa Yawuri. Masu sayar da kifi a kasuwar Jega sun isa. A tura ɗalibai su rubuto sunayen da siffar kowane kifi, a daidaita rubutun a allo, a kwatanta yadda Kabawa ke faɗa da abin da ƙamus ya kawo.