Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Maharban Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa

Ina gaida Sarakunan Baka da sauran iyayenmu maharba, Allah ya ƙara girma.

Kun fi kowa sanin halin da daji yake ciki. Gonaki sun ci shi har gindin duwatsu, barewa ta zama labari, zomo da fakara ma sai an sha yawo. In nama ya ƙare, saiti ma zai bi shi, domin gadon adaka kaɗai ba ya mai da yaro maharbi.

Shawarata ita ce ku kafa gasar harbi. Tun farkon shekarun 1980 masu bindigar iska a Ingila suke yin tasu. Akan ƙera siffar zomo ko kurege da ƙarfe, a huda mata ƙofa mai faɗin milimita 15 zuwa 40, a girke ta a nisan mita 9 zuwa 50, ba tare da an faɗa wa mai harbi nisan ba. Kowace siffa harbi ɗaya ake yi mata. In harsashi ya shiga ƙofar, sai ta kife, a ja igiya ta miƙe. In ya bugi gefe, babu maki.

Ƙirar ba za ta gagari maƙeranmu ba. Abin da ake gwadawa kuwa ku ne malamansa: kintatar nisa da ido, gane iska daga kaɗawar ciyawa, riƙe numfashi kafin a ja kunama.

Sai dai a kiyaye. Ƙarfe na bindigar iska ne, mai ɗan harsashin dalma. Mai adaka ya auna kwali ko ƙwarya, domin harsashinsa kan yi tsalle in ya daki ƙarfe ko dutse. A zaɓi fili a bayan gari bayan an kawar da amfanin gona, da tudun ƙasa a bayan abin harbi. Alƙali ya riƙe usur. Da ya busa, kowa ya sauke bindiga. Dokar bindigogi ta 1959 ta ɗora lasisi a kan adaka da bindigar iska duka, saboda haka a nema, a kuma sanar da hakimi da 'yan sanda tun kafin ranar.

Iyayenmu, ku fara a kakar bana, ku sa 'ya'yanku a sahun gaba. Allah ya tsare, ya ba da sa'a.

Wassalam, naku ɗanku.